Fari Da Tattalin Ruwa A Ƙasar Sule Tankarkar

Ya ku manoma da makiyaya na Sule Tankarkar, da na Gumel da Maigatari da Gagarawa, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ko a dandali ko a ƙofar mai unguwa, bayan an taso daga gona.

Kun fi kowa sanin ƙasarku. Babu kogi a cikinta. Mutanen Ringim da na Haɗeja suna da kogi da fadamu, in damina ta yi musu gardama su koma noman rani. Ku kuwa jigawa gare ku da rairayi. Abin da sama ta zubo cikin wata uku zuwa huɗu shi ne abincinku, shi ne ciyawar dabbobinku, shi ke cika tafki, shi ne kuma ke tsatsa cikin ƙasa sannu sannu har ya zama ruwan rijiya. Don haka maganar fari ba baƙuwa ba ce gare ku. Abin da mu ke so mu bayyana muku shi ne yadda hukuma ta ke gane fari tun yana nesa, da inda ganinta ya ke gajarta, da abin da ya rage a hannunku.

Abin da shekarun yunwa suka koyar

Tsofaffinku sun ji labarin Kakalaba daga bakin iyayensu. Ruwa ya ɗauke cikin daminar 1913, yunwa kuwa ta yi tsanani cikin 1914, ta kashe mutane masu yawa a lardin Kano da ƙasashen da ke arewa da shi. Gwamnatin wancan zamani ba ta farga da wuri ba, taimakon da ta kawo kaɗan ne, ya kuma zo a makare. Bayanta aka yi ta 'Yan Buhu cikin 1927. Masu furfura a cikinku sun ga farin 1972 da 1973 da idonsu, sa'ad da mushen shanu ya cika hanyoyi, suka kuma ga na 1983 da 1984.

To, ku lura da abu guda cikin labarin Kakalaba. Ruwa ya ƙi cikin shekara ɗaya, yunwa ta zo cikin ta biye. Haka al'adar fari ta ke kullum. Ran da gero ya ƙone a gona ba ran nan a ke kwana da yunwa ba, gama akwai ɗan abin da aka yanka, akwai sauran na bara, akwai akuyar da za a sayar. Sai rumbu ya ƙare, tafki ya ƙafe, hatsi ya yi tsada, watau wajen bazara, sa'an nan wuya ta bayyana. Tsakanin ɗaukewar ruwa da zuwan wuya akwai wata shida ko bakwai. Dukan awo da lissafin da hukuma ta ke yi, don a ci moriyar waɗannan watanni ne. Wanda ya sani tun watan Satumba yana da dabara goma. Wanda bai sani ba sai watan Mayu, dabararsa ɗaya ce, ya ɗaure kaya ya tafi cin rani.

Ma'aunin ruwan sama

Farkon kayan aikin hukuma shi ne ma'aunin ruwan sama. Ba wani abin mamaki ba ne: mazurari ne a bakin gwangwani, a kafa shi a fili inda babu itace ko gini kusa. Kowace safiya, a sa'a guda ba a sāɓawa, ma'aikaci ya zo ya juye abin da ya taru cikin kwalba mai zane, ya rubuta. A birnin Kano ana wannan rubutu tun 1905, shi ya sa a yau a ke iya gwada kowace damina da na shekaru fiye da ɗari. Dā da inci a ke lissafi, yanzu da milimita. Inci guda milimita 25 ne da ɗan ɗoriya.

Kada kalmar milimita ta ruɗe ku. In aka ce an yi ruwa milimita ɗaya, ma'anarsa kowane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya ya sami lita guda. A gona mai hekta ɗaya, lita 10,000 ke nan, watau jarka 400 ta mai lita 25. In an yi milimita 20 cikin dare, jarka 8,000 ta zuba a gonar nan. Ku tsaya ku yi tunanin jaki nawa zai yi jigilar wannan daga rijiya, sa'an nan ku tuna yadda a ke barinsa ya bi hanya ya wuce. Abin da ƙasarku ta saba samu cikin shekara yana tsakanin milimita 500 da 700, wata shekara ya haura, wata ya kasa ƙwarai.

Ma'aikatar da ke riƙe da wannan aiki a Nijeriya ita ce Hukumar Kula da Yanayi, wadda a ke kira NiMet, da aka kafa da doka cikin 2003. Ban da auna abin da ya sauka, ta kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tun rani bai yi nisa ba. A ciki ta kan faɗi lokacin da a ke zaton ruwan shuka zai kankama a kowane yanki, da lokacin ɗaukewarsa, da yawansa, da wuraren da a ke tsoron ruwa zai yi tsaiko a tsakiyar damina. Za ku ce, ta yaya mutum a Abuja zai san ruwan Yuli tun watan Fabrairu? Amsa ita ce, iskar da ke kawo muku hadari daga teku ta ke tasowa, masana kuwa sun lura zafin ruwan teku yana da hannu cikin ƙarfinta. Har tekun Pasifik, da ke can bayan Amurka, in gabashinsa ya yi ɗumi fiye da kima, abin da a ke kira El Nino, sau da yawa damina ta kan yi rauni a ƙasashenmu. Zafin teku ba ya sākewa da sauri, sabo da haka a kan iya hango abin da zai haifar.

Amma mu gaya muku gaskiya, hasashe ba alkawari ba ne. Kamar dattijo ne da ya ga shamuwa ta iso, gawo ya fara kaɗe ganye, iska ta juya daga gabas ta koma yamma maso kudu, ya ce damina ta ƙarato. Yawanci ya kan dace, wani lokaci ya kuskure, ba kuwa za a ce masa maƙaryaci ba. Ku saurari hasashen a rediyo, ku tambayi malamin gona abin da aka faɗa game da ƙaramar hukumarku, ku haɗa da abin da idonku ya gani.

Ba yawan ruwa kaɗai ba

Ga wani abin da ya kamata ku riƙe da kyau. Shekara biyu su kan sami ruwa daidai wa daida a ma'auni, ɗaya a cika rumbu, ɗaya a tashi da kara. Bambancin yana wajen yadda ruwan ya rarrabu. Ruwa mai yawa da ya zubo cikin kwana uku sa'an nan ya ɗauke mako uku bai kai rabinsa da ya riƙa zuwa bi da bi amfani ba.

Wuri biyu ne tsaikon ruwa ya fi yin ɓarna. Na farko bayan shuka. Wa ke cikinku bai taɓa ganin haka ba? A yi ruwa guda cikin watan Mayu, gari ya ruɗe, kowa ya ɗauki sungumi, iri ya tsiro, sa'an nan sama ta yi tsit kwana ashirin, iska ta taso da rairayi ta binne tsiron ko ta ƙone shi. A sāke shuka, wani har sau uku, irin da aka ɓoye ya ƙare, a koma sayen na kasuwa wanda ba a san asalinsa ba. Masu binciken gero a Sadore, kusa da Yamai, sun bi lissafin ruwa na shekaru masu yawa, suka aje ƙa'ida cikin 1988: damina ba ta kankama ba sai an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, ba a kuma yi tsaikon da ya wuce kwana bakwai cikin wata gudan da ya biyo ba. Rabin ƙa'idar na biyu ba mai saninsa sai ya wuce, a nan ne hasashen hukuma ya ke da rana. Rabin farko kuwa kowa na iya aunawa a ƙofar gidansa. In ruwan farko bai kai wannan ba, ko ya riga lokacin da aka ambata da nisa, kada ku zuba irinku duka. Ku shuka kashi guda, ku riƙe saura. Mai yin binne ma haka, ya san caca ya ke yi da irinsa, kada ya yi ta da abin da ba shi da madadinsa.

Na biyu shi ne sa'ad da gero ya yi ciki ya fara fid da kai, har ya yi bununi. Tsaikon kwana goma sha biyar a nan ya isa ya mai da zangarniya ƙaiƙayi. Wannan ba ya da magani a ran da ya zo. Maganinsa tun wajen zaɓen iri ne da gyaran ƙasa, za mu zo kansa.

Idon da ke sama, da idon da ke kasuwa

Bayan farin 1973 ƙasashen Sahel suka ga ba wadda za ta iya ita kaɗai, gama fari bai san iyaka ba. Suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari mai suna CILSS cikin shekarar nan, suka buɗe mata cibiyar awo a Yamai cikin 1974, ana kiranta AGRHYMET. Cibiyar nan tana aiki da taurarin ɗan'adam. Tauraro ya kan duba saman gajimare ya auna sanyinsa, gama hadarin da ya yi tsawo ya yi sanyi shi ke zub da ruwa. Ya kan kuma duba ƙasa ya gane inda ta yi kore da inda ta yi ja. Kowane kwana goma a zana taswira, a gwada da ta shekarun baya, a ga inda ciyawa ta makara.

Sau biyu a shekara, wajen watan Maris da kuma bayan kaka, ma'aikatan Gwamnatin Tarayya da na jihohi, har da Jigawa, su kan zauna da abokan aikinsu su haɗa dukan labarin da aka tara: ruwa, amfanin gona, kuɗin hatsi, lafiyar yara ƙanana. Tsarin da su ke bi sunansa Cadre Harmonisé, iri ɗaya ne da wanda a ke bi a Nijar. Su kan sa kowane yanki a ɗaya daga mataki biyar, daga lafiya lau har zuwa yunwa sosai. Da wannan lissafi ne hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da ta jiha, da masu taimako na waje, su ke sanin inda za a fara kai hatsi.

Cikin dukan alamun nan babu wadda ta fi ta kasuwa faɗin gaskiya, ku kuwa kuna da babbar kasuwa a kusa. Ku je Maigatari ran Alhamis, ku tambayi abu biyu: nawa tiyar gero, nawa ɗan akuya matsakaici. Ku raba, ku ga tiya nawa akuya guda za ta saya. In mako bayan mako adadin nan yana raguwa, hatsi na hawa dabba na faɗuwa, in kuma kun ga mutanen Dungas da Magarya suna koro shanu mata da 'yan maruƙa zuwa kara tun ba lokacinsu ba, to, wuya tana tafe, ko da gonarku ta yi kyau. Makiyayi ba ya rabuwa da saniya mai haihuwa sai ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Mai hankali ya kan rage dabbobinsa tun suna da nama da daraja, ya sayi hatsi tun da kaka, ya tara harawa da kara.

Inda ganin hukuma ya ke gajarta

Duk da kayan aikin nan, akwai abin da hukuma ba ta iya gani. Ma'aunanta kaɗan ne, suna nesa da juna, ruwan ƙasarku kuwa ɗan zaɓe ne. Sau nawa a kan yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Ɗanzomo, a Jeke ƙura ke tashi? Ɗanladi ta yi shuka, Ɗangwanki na zuba ido? Tauraro ya kan ga kore, amma ba ya rarrabe gero da tafasa. Taswira ta kan ce ƙaramar hukuma ta sami ruwa, alhali ƙauye biyar a cikinta sun ƙone. In ba daga bakinku labari ya fito ba, ƙauyukan nan biyar sun ɓace cikin lissafi.

Don haka mu ke ba kowane gari shawara ya riƙe littafi guda, a ba wani malamin makaranta ko ɗan mai unguwa amanarsa, a riƙa rubuta abu uku. Na ɗaya ruwan sama. Ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa daidai ya ke da na gindinsa, ku ɗaure shi a kan turke a fili, inda awaki da yara ba za su kai ba. Da safe bayan ruwa a tsoma rula a tsaye, abin da ya jiƙe shi ne milimitar da aka samu, a rubuta da kwanan wata, a zubar. Na biyu kuɗin tiya da na akuya ran kasuwa. Na uku zurfin rijiya. A ƙasarku rijiya mai gaba ashirin ba abin mamaki ba ce, mai jan guga kuwa ya san ran da igiya ta fara kasawa. A ware igiya guda da dutse a bakinta, ran ɗaya ga kowane wata da asuba, kafin a fara ɗiba, a zura ta har ta taɓa ruwa, a ƙulla alama, a rubuta. Cikin shekara uku za ku san ko ruwan ƙasarku yana ja da baya ne ko yana komowa bayan kowace damina, abin da ba wanda ya isa ya gaya muku daga Dutse.

Labarin nan ya bi hanyar da kuka saba: mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, a kuma ba malamin gona na JARDA da sashen gona na ƙaramar hukuma. Sai dai a faɗi gaskiya. Akwai masu ƙara gishiri don a kawo musu buhu, akwai masu ɓoyewa don kada a ce garinsu ya gaza. Na farko ya kan sa a daina yarda da ku ran da abin ya zama gaske, na biyu ya kan sa a tsallake ku. Lambar da aka rubuta ran da abin ya faru ta fi rantsuwar mutum goma. Ita ma hukuma akwai nata nauyi: labarin da ya hau sama ya kamata a ji amsarsa ta sauko, in ba haka ba masu rubutu su gaji.

Ina ruwan ya ke ɓacewa?

A manyan biranen duniya, in fari ya zo, hukuma ta kan ƙayyade wa kowa abin da zai ɓatar. Birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya yi haka cikin 2018, da madatsunsa suka kusa ƙafewa: aka ce kada mutum ya wuce lita 50 a yini, aka riƙa shelanta abin da ya rage a madatsai kowane mako, mutane suka rage, famfo bai ƙafe ba. Dabarar ta yi kyau a can. Amma wanda zai zo Sule Tankarkar ya ce wa matar da ta yi sammako ta ɗauko tulu a ka ta rage ɓarnar ruwa, bai san inda ya zo ba. Da yawa cikinku ba su samun lita 50 ɗin ma. Masu aikin agaji sun ƙayyade lita 15 a yini ita ce mafi ƙarancin abin da mutum guda ke bukata don sha da girki da tsabta, kada wanda ya sauka ƙasa da wannan da sunan tattali. Rowar ruwan wanke hannu ita ke buɗe wa amai da gudawa ƙofa. Ruwanku ba a randa ya ke ɓacewa ba. A gona ya ke ɓacewa, da tafki, da bakin famfo.

Mu fara da gona, gama nan ne mafi yawa. Rairayi kamar rariya ya ke, ruwa ya shiga ya wuce. Abin da ke sa shi ya riƙe laima shi ne taki: kashin dabbobi, da shara, da toka, da ruɓaɓɓen kara. Gonar da aka kai wa taki ta kan jure tsaikon da zai kwantar da ta maƙwabci. Kada ku share gona ƙaf ku ƙone. Karan da aka bari kwance yana tare iska, yana kare ƙasa daga rana, gara kuma ta ja shi ciki ta buɗe wa ruwa hanya. Inda gona ta ke da gangare, ku yi kunya a gicciye, kada ta bi gangaren, ku kuma ɗaɗɗaure kwarin kunya da 'yar ƙasa kowane taku uku ko huɗu, don ruwa ya tsaya inda ya sauka. Noman fari kada ya makara, ciyawa abokiyar shan gero ce.

Inda ƙasa ta zama fako, ta yi tauri ruwa na zamewa a kanta, ku yi abin da mutanen Tawa a Nijar suka farfaɗo da dubban gonaki da shi, watau tassa. Da rani a haƙa 'yan ramuka, faɗin taki guda da ɗan ɗori, zurfin kusan taki, tsakaninsu taku guda, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu. Ruwan farko ya taru a ciki, a shuka a nan. Aiki ne mai wuya, a rairayi mai laushi kuwa ba ya da amfani don ramin rushewa ya ke yi. Na fako ne.

Game da iri, in an yi hasashen gajeruwar damina ku ba gero mai saurin nuna fili mafi yawa. Irin SOSAT, wanda aka ba manoman Nijeriya cikin 2000, ya kan nuna cikin wajen wata uku. Ku sa wake da riɗi a tsakani kamar yadda kuka saba, kada ku jingina ga abu guda.

Sai itatuwa. Tsoron Hamada ba yau aka fara shi ba. Cikin 1935 wani Baturen daji, Stebbing, ya rubuta cewa rairayinta na tahowa kudu, har Ingila da Faransa suka tura masana suka bi iyakar nan cikin 1936 da 1937. Suka komo suka ce ba Hamada ce ke tafiya ba, gatari da wuta ne ke tsiraita ƙasa. Gwamnati ta yi ta dasa jerin darbejiya don tare iska, yanzu kuma ga shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Jigawa ke cikin jihohi goma sha ɗaya da ya shafa. Amma abin da ya fi ba da mamaki a ƙasar Maraɗi ya faru, daga 1983, ba da dashe ba. Manoma suka daina tumɓuke kututture wajen sassabe. Kowane ya tofo, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse saura. Yau ana ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta haka a Nijar sun kai hekta miliyan biyar. Tsiron da ya fito daga tsohuwar saiwa ba ya neman ban ruwa. Gawo ya fi kowane, gama da damina ya ke kaɗe ganye, ba ya yi wa gero inuwa, kun kuma san yadda dami ke auki a gindinsa.

Tafki da famfo

Rana da iskar hunturu su kan sha kusan taki guda daga fuskar tafki cikin wata ɗaya. Tafkin da zurfinsa bai wuce ƙugu ba, su kaɗai sun isa su shanye shi cikin wata biyar, ko ba a ɗebi ƙwarya ɗaya ba. Tun da ta fuska a ke sha, tafki ƙarami mai zurfi ya fi mai faɗi marar zurfi daɗewa nesa ba kusa ba. In ya ƙafe da rani ku yi gayya ku yashe shi, ku kai laka gona, taki ce. Amma ku yi hattara, kada ku huda yumɓun da ke ƙasansa ku tad da rairayi, in kun yi haka kun mai da shi rariya. A ware wa dabbobi mashaya gefe guda, a sa ƙaya a sauran, masu bulo kuma a yanka musu lokaci. Ruwan tafki ba na sha ba ne sai an tace an tafasa. Kurkunu ya ƙare a Nijeriya, an tabbatar da haka cikin 2013, amma sauran cututtukan ruwa suna nan.

Tun wajen 1930 Gwamnati ta fara gina rijiyoyin siminti a lardunan Arewa, daga baya aka zo da tuƙa-tuƙa, yanzu ga burtsatse mai aiki da hasken rana, wanda hukumar ruwan karkara ta jiha da wasu ke ginawa. Alheri ne babba, amma ya zo da sabuwar ɓarna. Mai jan guga gaba ashirin ba ya zub da ko kofi. Injin rana kuwa ba ya gajiya, tanki ya cika ya yi ta ambaliya tun hantsi har la'asar ba mai kashewa. Kan famfo da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa ya kan zub da wajen lita 20 kafin gobe war haka, balle wanda ya karye aka ɗaure da tsumma. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba teku ba ne, tarin damunan da suka wuce ne. Kowane famfo ya sami kwamiti, da mata a ciki tun da su ne masu ɗiba, da mutum guda mai kashewa da kunnawa, da ɗan asusu na gyara da a ke tarawa tun bai lalace ba. Garin da ya jira hukuma ta zo ta sāke masa roba ta kan famfo ya kan daɗe yana jira. Ruwan da ke zuba a bakin famfo a yi masa kwata zuwa kwamin dabbobi, ko zuwa gindin zogale.

Masu rufin kwano, ku sa indararo. Ɗaki mai rufin mita 8 a tsaye 5 a gicciye, in an yi milimita 20, ya kan zubo lita 800, duro huɗu ke nan cikin dare guda. A bar na farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu, a tari na bayansa, a rufe don sauro. Ruwan alwala da na wanke hatsi kuma a yi su a gindin itacen da a ke reno.

In fari ya yi tsanani sarki da malamai su kan kira jama'a a fita roƙon ruwa, ku fita. In an komo, a zauna a ƙofar dagaci a buɗe littafin nan, a duba kwana nawa rabon gari da ruwa, tiya nawa akuya ta ke saya, igiya ta ƙaru da taki nawa, a rubuta a takarda a ba wanda zai kai wa hakimi da malamin gona cikin makon nan. Garin da bai fara littafinsa ba, ya kafa turke da gwangwani kafin ƙarshen watan Afrilu, ya kuma ƙulla alamar farko a igiyar rijiya tun ruwan fari bai sauka ba, gama a lokacin ne rijiya ta ke kan iyakar zurfinta.